Kwalin Ashana Mai Murya

Kaset ɗin Baba ya shekara talatin da ɗaya a adaka,
ƙarƙashin zannuwan da ba mai ɗaurawa.
Da Mamuda ya juye mini shi a waya
sai muryar ta fito 'yar siririya,
kamar mai magana daga cikin rijiya
ana kuma ruwa a kan kwano.

Na aro abin kunne irin na gidan rediyo,
faɗinsa kamar marufin tukunya.
Wayata ta kasa jan sa.
An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ran Laraba na sauka a PZ,
na ratsa masu gyaran gilashin waya
har rumfar Ikenna, wanda ya fi ni karin magana.
Na ce amfilifaya nake so, mai bulutut.
Ya zube mini uku a kan tebur.
Na farko yana walƙiya ja da kore,
na ce ba kallo na zo saye ba.
Na biyu ya fi aljihuna girma, kuɗinsa ma haka.
Na uku baƙi ne, kwalin ashana,
da mamurɗi a ka, da maƙali a baya.

Ya ce, Malama, kar ki gwada da kiɗa,
kiɗa yana rufa wa kowane inji asiri.
Gwada shi da shiru.
Na sa a kunne, ban kunna komai ba.
Na farko ya yi ta huci kamar kumurci,
na uku ya kame bakinsa.
Na tambayi batir. Ya ce awa tara.
Na dube shi. Ya ce bakwai.
Na ce a Tudun Jukun nake, wuta baƙuwarmu ce.
Ya ce shida da rabi, in kin ƙure shi.
Don wannan rabin na biya.

Bayan isha'i na zauna bakin gado.
Danna, riƙe, ƙirga uku.
Shuɗiyar fitila ta yi ta ƙyafta ido
har suka gane juna da waya, ta tsaya cak.
Na mai da mamurɗin ƙasa tukuna,
tunda ba a sayar da kunne a PZ,
sannan na murɗa kaɗan, na ƙara kaɗan.

Ga Baba.
Yana jero tashoshin jirgin da ya yi aiki,
Zariya, Funtuwa, Gusau, Ƙauran Namoda,
da ɗan tarin nan kafin Gusau.
Wannan na sani.
Abin da ban sani ba yana bayansa:
cokali na kewaya kofin shayi,
agogon bangon da aka sayar shekarar da soro ya zuba,
Inna daga madafi, wa ya bar mini randa a buɗe,
sai wata yarinya dab da rikoda
tana naci, Baba, ni ma in yi magana.
Ya ce, bari in gama, Asabe.

Kaset ya ƙare bai gama ba.

Na mai da shi farko, na tashi in kira Mamuda,
kwalin a wuyan rigata, waya a kan gado.
Taku goma sha biyu, katangar zaure ta shiga tsakani,
murya ta tsittsinke, ta ɗauke.
Na ja da baya, taku ɗaya, biyu,
na same shi a Funtuwa.

Yanzu na san iyakarsa:
bakin rijiya, gindin gwanda, rabin igiyar shanya.
A nan ciki nake wanki, nake tsince shinkafa.
In fitilar ta koma ja
sai in aika shi shagon Barau mai caji, in jira.
Shida da rabi ne. Ikenna bai yi ƙarya ba.

Jiya da yarinyar ta sake roƙo
na rage sautin da yatsa biyu,
na ce, to Baba, saurara.
Na buɗe baki.
Shekara talatin da ɗaya,
na manta abin da zan ce.