Ruwan Ɓawon Kwakwa

Ni ce Eufrosina, ungozomar wannan ƙauye
na bakin teku a tsibirin Samar,
inda itatuwan kwakwa ke rusuna wa iska.
Jariran da suka faɗo hannuna sun fi ƙarfin lissafi,
amma ke ban manta ki ba.

Bakwaini kika zo, a daren guguwa,
kwanon rufi yana ihu a kanmu.
Ke kuwa shiru.
Leɓɓanki shuɗi-shuɗi,
nauyinki bai kai kifi guda a komar ubanki ba.

Fada Anacleto yana hayin kogi,
gada kuma ruwa ya ci ta tun faɗuwar rana.
Remedios, uwarki, ta damƙe mini wuyan hannu:
"Kada ta tafi ba suna.
Kada ta tafi ba ruwa."

Babu ruwan da aka sa wa albarka a ɗakin,
sai mai ɗiga ta hujin rufi
cikin ɓawon kwakwar da na tara.
Da shi na yi.
Sau uku na tsiyaya a goshin da bai kai tafin hannuna ba:
"Nieves, ina yi miki baftisma
da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki."
Sunan ma a bakina ya faɗo,
dare bai bar mu mun yi shawara ba.

A tsiyaya ta uku kika yi atishawa,
sannan kika tsala kukan da ya fi na guguwa daɗi.

Bayan mako shida muka kai ki coci a kwalekwale,
gabana yana faɗuwa, ko na yi karambani.
Fada ya ce, "Da wane ruwa? Da waɗanne kalmomi?"
Na faɗa masa, kaina a ƙasa.
Ya mayar da murfin kwanon baftisma.
"An riga an yi," in ji shi. "Wannan ba a yinsa sau biyu."
Mai kawai ya shafa miki a ka,
aka sa miki farar riga da ta haɗiye ki,
Tiburcio ya riƙe kyandir, hannunsa na rawa.
A littafin coci, a gurbin wanda ya zuba ruwa,
sunana aka rubuta, ni da ban iya karanta shi ba.

Yau ga ki da taki 'yar, ƙosasshiya,
kina neman in raka ku coci ran Lahadi.
Zan je, in gwiwa ta yarda.
Ɓawon yana nan a kan kanta.
Gishiri nake zubawa a ciki.