Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

A ƙasan akwatin Inna na tsince shi,
tsakanin katin rigakafi da tsohon rasit na wuta.
An rubuta a bayansa da jan alƙalami:
"Sunan Ladidi, Lagdo."
Hannun Baba ne. Shi kaɗai ke kwantar da baƙi haka,
kamar masu rama barci.

Na miƙa wa kwamfuta, ta haɗiye,
ta yi gurnanin injin markaɗe da ya ci tsakuwa,
ta juya, ta sake juyawa,
ta tofo mini abina.

Na hura masa iska, na goga a gefen riga.
Ladidi, mai sunan, da goyonta a baya,
ta ce, "Yaya, ba a zagaye ake yi ba,
daga cibiya ake ja zuwa baki."
Na ja daga cibiya zuwa baki.
Na wanke da ruwan randa, na shanya a kan faranti.
Har man goge haƙori na shafa, don wani ya ce.
Ɗaki ya cika da ƙamshin na'ana'a,
faifai bai ce uffan ba.

Na saka na yara, mai kuren nan da ɓera,
nan take suka hau guje-guje.
To, ba idon na'ura ba ne ke ciwo.
Ina cikin wannan aka ɗauke wuta.

Washegari, sefa ɗari biyu a kan babur,
sai babbar kasuwar Garwa, rumfar Hamajoɗa.
Bai saka shi a komai ba tukun.
Ya ɗaga shi sama, ya saita da rana:
haske na yoyo ta ƙananan huji
kamar rufin kwanon da ya sha damina ashirin.
"Ba ƙarzuwa ba ce," in ji shi,
"azurfar ce ta gaji. Wannan ba ya goguwa."

Duk da haka ya gwada,
a wata tsohuwar na'ura mai tafiyar hawainiya.
Muka sha shayi zagaye biyu.
Aka kira azahar, muka je, muka dawo,
layin nan kore bai kai rabi ba.

Abin da ya tsira: daƙiƙa goma sha ɗaya.
Babu fuska. Ƙafafu ne, da gindin tukunya,
da kifi a kan tire, ƙuda na shawagi.
Sai tari, irin nasa, sau biyu.
Sai murya:
"Ku ja tabarmar nan, rana ta iso baƙi."

Shi ke nan.
Ba addu'a, ba wasiyya, ba sunan kowa.

Na sa an kwafe a waya uku,
tawa, ta Ladidi, da ta Kawu Barkindo.
Inna ta saurara sau ɗaya, ta ce a kashe.
Da la'asar na gan ta a tsakar gida ita kaɗai,
tana jan tabarma zuwa inuwar darbejiya,
ko baƙo ɗaya ba mu da shi.