Ɗigo Ɗaya

Ruwa na dukan kwanon ɗakin gwaji a Yaba,
janareta na tari a bayan gini.
Ina tsaye gaban siririyar kwalba mai tsaga-tsaga,
kamar mai gadin madara a kan wuta.

A ƙasa asid ne cikin tulun gilashi,
garai-garai, ka rantse ruwan famfo ne.
Na ɗiga masa finolftalin sau biyu.
Ko uffan.

Madam Oyelakin ta gifta tana jan silifas:
"Lantana, sassauta hannu,
ba motar Oshodi za ki kama ba."

Na murɗa. Alkali ya fara sauka.
Alkali, ba alƙali ba,
ko da yake shi ma hukunci ya zo yankewa.
Duk ɗigon da ya faɗa sai ja-ja ya ɓullo,
in kaɗa tulun, ya ɓace,
kamar maganar da ta zo baki aka haɗiye.

Ashe ɗan sinadarin nan ajiya ce a hannunsa.
Muddin asid na da abin biya
ba mai taɓa shi.
Sai asid ya ƙare ƙarƙaf
alkali ya juyo kansa, ya ƙwace ajiyar,
shi kuwa ya sauya kama,
sirrin tulu ya fito fili.

Na san wannan.
A Agege na san shi, daf da layin dogo,
ranar da ƙanena Ɗanjuma ya jefa kanwa
a robar zoɓon Gwaggo Delu,
jan ya mutu, ya koma kore-kore mai duhu.
Ba ta dake shi ba.
Lemon tsami ta yanka, ta matse, ta matse,
har jan ya dawo gida,
ta ƙulla a leda, kafin la'asar ya ƙare.

Yanzu launin ya fara jinkirin tafiya.
Rabin ɗigo na lilo a bakin kwalba.
Na riƙe numfashi.

Wani ɗanfo ya danna ham a titi.
Yatsana ya zame.

Tulu ya rine jawur.
Ashirin da huɗu da ɗigo shida, na wuce gona da iri.
"Wanke, sake," in ji Madam, ko waigowa ba ta yi ba.

Da dare na kira Gwaggo na ba ta labari.
Ta yi dariya har ta ƙware.
Ta ce, "To, nawa ne ma kuɗin makarantar taku?"