Kalmar Uwata

Uwata, Enid Greenwood, shekara talatin da ɗaya ta yi
a gaban injin saƙa a Todmorden,
har kunnenta na hagu ya daina aiki.
Kalma guda take yawo da ita a baki
kamar mabuɗin gida a aljihun kwat:
plain.

In ta shiga kantin Mista Hargreaves ba ta dube-dube.
Fulawa, plain, in ji ta,
wato zalla, wadda ba a cuɗa mata maganin kumbura ba.
Biskit ma haka, ba cakulan, ba zabibi,
irin wanda sai an tsoma a shayi yake sakin jiki.

A masaƙa kuwa sunan saƙa ne.
Zare ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka,
ba fure, ba tsuntsu, ba ratsi a gefe.
Da shi ake zanen gadon asibiti
da tsumman goge kwano.

Ina 'yar shekara goma sha biyu, wata Lahadi,
Anti Mavis ta zo shan shayi da hularta mai gashin tsuntsu.
Ta dube ni daga sama har ƙasa,
ta karkata wajen kunnen uwata mai lafiya
da muryar da ta ɗauka raɗa ce:
"Glenys dai plain ce, amma tana da hankali."

Ranar na san kalmar tana da haƙora.
Ba ta ce mummuna ba, ai da na samu abin yi wa kuka.
Fuska ce kawai da za a wuce a tashar bas
ba a waiwaya ba.
Na hau bene na tsaya gaban madubi
ina neman inda aka manta ba a sa furen ba.

Uwata ba ta iya rarrashi ba.
"Sauko, dankali zai huce."
Sai da dare ta miƙo mini ƙyalle fari
daga cikin waɗanda take kawowa gida.
Ta ce, ja. Na ja.
Ta ce, da ƙarfi. Na sa ƙafa na take, na ja,
ko gezau.
"Rigar Mavis mai furanni," in ji ta, "wanki uku ce."
Ta kashe fitila.

Mazan kwarinmu ma suna taƙama da kalmar,
wai maganarsu plain ce, ba kwana-kwana,
ba sa shafa wa gaskiya mai.
Rabinsu rashin kunya suke wa wannan suna.
Amma na ga uwata a gaban likita a Halifax,
yaro ne, yana ta zagaye-zagaye da manyan kalmomi,
ta ɗaga masa hannu.
"Faɗa mini plain. Wata nawa?"
"Uku. Ko huɗu."
Ta yi godiya, ta tambayi inda ake biyan kuɗin ajiye mota.

Mai shirya jana'iza ya buɗe mini littafinsa:
ga mai hannun tagulla, ga mai shimfiɗar siliki ciki.
Na ba shi ambulan ɗin kuɗin gas,
a bayansa ta rubuta da fensir
haruffa biyar, ta ja layi biyu a ƙasa.

Ƙamus ya ce kalmar tana nufin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kuma,
fili, inda ido ke tafiya ba abin da ya tare shi.
Mu ba mu da irinsa, tsaunuka ne suka matse mu.
Sau ɗaya muka gani, ta tagar jirgin ƙasa
a hanyar Skegness, gonakin kabeji har ƙarshen gani.
Ta daɗe tana kallo, jakarta bisa cinya.
"Nan ba inda mutum zai ɓuya," in ji ta,
kuma na ji a muryarta yabo ne.

Kantin Hargreaves yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki.
Jiya a babban kanti na tsaya gaban fulawa kala tara,
wata yarinya mai rigar aiki ta ce wacce nake nema.
Na buɗe baki,
sai muryar Enid ta riga ni.