Murya ta Uku

Kutaisi, daren Laraba, ruwa na dukan kwanon baranda.
Na wanke wa Baba kwamfutarsa tas,
na ɗora mata sabuwar babbar manhaja.
Ta tashi garau kamar yaron da ya ƙoshi da barci,
allo na sheƙi, linzami na gudu,
sai dai bakinta, gum.

Can ƙasa a kusurwa ga hoton lasifika,
wani ɗan jan gicciye ya zauna mata a leɓe.
Wai ba ta ga na'urar sauti ba,
alhali ga sifiku biyu a gabanta,
shekararsu goma sha ɗaya a teburin nan,
ta hagu har da tabon shayi.

Baba Shalva ya jawo kujera da kwanon gyaɗar bishiya.
"Me ya same ta, Nestan?"
Na ce, "Direba ne babu."
Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan bas zuwa Zestafoni
ya gyara zama, ya ce, "To, ga ni."
Ban yi dariya ba. Garin neman gira na rasa ido,
kuma idon ba nawa ba ne.

Na buɗe jerin kayan cikinta,
ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa
a gefen wani abu da ta kira baƙo.
Baƙo! A cikinta aka haife shi.
Na durƙusa da tocila a baki,
na kwafo lambar da ke bayan akwatin,
na zare filogi kore, na mayar,
na gwada ramin gaba, na gwada na baya.
Kamfanin da ya ƙera ta ya ce ya daina kula da irinta.
Na sauke wani direban, ta ƙi shi.
Na sauke ƙaninsa, ta karɓa, ta yi shiru.
Kashe, kunna. Cire, kashe, kunna.
Sau bakwai, na ƙirga da ɓawon da Baba ke tarawa.

Ba labarai yake so ya ji ba, ba ƙwallo ba.
Abu ɗaya ne, minti huɗu da 'yan daƙiƙu:
yayyensa, Otar da Bidzina, suna rera waƙar garinsu a kicin ɗin nan.
Waƙar ta murya uku ce,
amma ranar mura ta shaƙe Baba,
shi ya riƙe na'urar ɗauka, bai buɗe baki ba.
Yanzu su biyun suna kan tudu bayan coci,
shi kuwa kullum bayan cin dare
sai ya kunna su, ya zuba tasa muryar a gurbin da suka bari.

Sha biyu ta wuce ya miƙe ba magana,
ya dawo da gwangwanin biskit na Mama.
Ƙarƙashin maɓallai da zare da rasiɗin wuta
ga faifan da ya zo da kwamfutar, duk ya sha karce.
Na huhhura, na goge da gefen riga.
Manhajar ta ce ya tsufa, ba ta san shi ba.
Na ce da tsohuwar zuma ake magani,
na tilasta mata.

Jan gicciyen ya ɓace.
Na manta na bar ƙara a ƙure,
sai Otar ya fashe cikin ɗakin kamar an ɓalle ƙofa,
Bidzina na biye da shi, har da tarin nan nasa,
maƙwabciyarmu Tsiala ta hau bugun famfo daga sama.

Na rage. Na juya.
Baba na tsaye, murfin gwangwani a hannu,
bakinsa a buɗe, babu abin da ke fita.
Gurbinsa ya zo, ya wuce fayau.

Ya share maƙogwaro.
"Mayar da su baya," in ji shi. "Na makara."