Littafin Ungozoma

A Mai Wurno nake, gaɓar Nilu,
inda kakanninmu suka sauke kaya
a hanyar Makka, suka ce sai gobe.
Goben nan ce ta zama gari.

Sunana Yalwa, ni ke yanke cibi.
Shekara talatin da ɗaya, reza da zare,
da fitilar da ta cinye gilashi tara.
Littafina na huɗu ya kusa cika.
Na farko gara ta ci bangonsa,
ta yi kara, ta bar mini sunayen.

Jiya rediyo ya ce mun yi yawa.
Wani mai taushin murya a ɗaki mai sanyi
ya ninka mu, ya raba mu,
ya faɗi yawanmu na gaba
kamar mai shelar zuwan fara.
Na ture kwanon kisira, na dubi tafina.

Ni dai ban taɓa karɓar adadi ba.
Tanimu na karɓa, da ƙafa ya fito,
yau shi ke tada injin ban-ruwa
da guntun waya da taurin kai.
Ramatu a daren ambaliya ta zo,
ta kai aji uku a karatun likita,
aka rufe ƙofa, ga ta can tasha da butar shayi.
Tagwayen Ɗanjuma:
ɗaya na tonon zinariya a hamada,
ɗaya an rataya masa bindiga tun bai san aska ba.

Ku masu kujera, ina da tambaya.
Aji uku aka gina ina budurwa,
ukun ne har yau,
sauran yara darbejiya ke musu rufi.
Mace wata tara take ta sauke nata.
Ku tun yaushe kuke da cikin alkawari?
Ko nishin naƙuda ba mu ji ba.
Da a tabarmata kuke kwance
da na faɗa wa danginku gaskiya.

Kogin nan duk damina cika yake.
Inda aka haƙa masa hanya, dawa da riɗi;
inda aka yi barci, ya shiga ɗaki.
Ban ji wanda ya ce laifin ruwa ne ba.

Ana buga ƙyaure. Matar Barau ce, na sani,
tun la'asar na ga tafiyarta.
Miƙo mini fitila, yarinya,
ki ɗauko alƙalami.
Gobe a sayo littafi na biyar.