Littafin Kuɗin Wata

Tafkin nan na Rayfield ramin kuza ne.
Kakan Dachung ya zubar da gumi a ƙasansa,
yau jikan ke tuƙi a samansa.

Kwale-kwale uku gare mu, ɗaya na yoyo.
Da rani ruwa ya ja baya,
muka kife su, muka liƙe da kwalta,
Kangyang na ƙirga waɗanda ba su biya ba.

Damina ta zo da ƙanƙara,
ta huda rufin rumfa.
Ran Asabar mutum huɗu.
Na ce a rufe.

Barmani mai dankali
ta gyara ɗamara, ta ɗau filafili:
"Ruwa bai san mun gaji ba."

Yanzu sanyi, yatsu sun sandare,
na buɗe sabon shafi.
Suna goma sha ɗaya.
Biyu bashi.